Yadda Cindo Marowaci Ya Ciyar da Maƙwabta

Ku matso kusa, ku bar faɗa a kan tabarma, akwai wuri. Kai mai tsinke, bar tsokanar fitilar nan. To, ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wani mutum ne a wani ƙauye, sunansa Cindo. Allah ya ba shi yatsu shida a kowane hannu, amma duk cikinsu babu wanda ya san hanyar buɗewa. Rowarsa ta kai inda ko mura ta kama shi sai ya kulle kansa a ɗaki, ba don tausayin mutane ba, don kada wani ya samu a banza. In yana cin gyaɗa ya hango mutum tafe, sai ya haɗiye har da ɓawo. Bayan rowa kuma ga tsoro. In ganye ya motsa a bayansa, ba ya waiwaye sai ya kai gida.

Abu ɗaya Cindo ke so a duniya fiye da abin hannunsa, shi ne 'yarsa Uwani. Sun daɗe shi da matarsa Hansai ba su samu haihuwa ba. Da yarinyar ta zo sai ya sa mata sunan mahaifiyarsa, yana kiran ta Uwata. Ita kaɗai ce ke sa hannu a akushinsa ya kawar da kai kamar bai gani ba.

Sai wata shekara damina ta yi tsakiya, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. Rumbun Cindo ya zama wayam, ko ɓera ya shiga sai ya fito yana tsaki. Yau tafasa, gobe rama, ba ƙuli ba mai. Uwani ta rame, wuyanta ya yi tsawo, ta daina tsalle-tsallen da ta saba. In ta kwanta sai ta yi ta juyi tana cewa cikinta na kuka. Abin ya dami Cindo ƙwarai, gaskiya ya dame shi, don marowaci ma uba ne.

To, a garin nan abin da ke ceton mutane a irin wannan lokaci shi ne abin nan da kuke kira laimar kwaɗi. Wanda ake ci, manya na ce masa naman kaza. In an kwana ana ruwa da tsawa, da safe sai ya fito a gindin suri, inda gara ke gida. In aka sa shi a miya, mutum sai ya manta rabonsa da nama. Amma yana da 'yan uwa masu kama da shi, waɗanda in ka ci ba ka ƙara cin komai. Mutum ɗaya ce a garin ta san wannan daga wancan, wata tsohuwa, Goggo Tabawa, ƙanwar uban Cindo ce ma. Al'adar garin kuwa, duk wanda ya tsinko sai ya kai mata. Ta zazzage a faifai, ta juya kowanne, ta duba gindinsa, ta shinshina, ta ware na ci, ta ware na kisa. Sa'an nan ta ɗauki wanda ya fi girma, nata ne. Ana kiran sa rabon ido. Ba wanda ya taɓa jin zafin wannan al'ada sai mutum ɗaya, kun kuma san shi.

Ran nan aka kwana ana ruwa, sama na ta cida. Da safe Cindo ya saɓa fartanya ya nufi gona. Sai ya ratsa ta bayan wani suri a ƙarƙashin marke. Sai ya ga ƙasa ta yi fari fat, laima kan laima, manya da ƙanana. Ya duba gabas, ya duba yamma, ba kowa. Sai ya durƙusa ya yi ta tuge su. Ya cika hula, ya tuɓe riga ya cika ta. Ya ce a ransa yau Uwata za ta ci ta ƙoshi.

Sai ya kama hanyar gidan Goggo. Yana tafe yana leƙa rigar. Sai idonsa ya faɗa kan babbar cikinsu, faɗinta ya kusa faifai. Sai ƙafarsa ta tsaya da kanta.

Ya ce, "Wannan ce fa za ta ɗauka. Ita ta yi sammako? Ita ta sha raɓa? Kallo kawai, sai ka ce da ido ake noma."

Sai ya juya. Amma da ya tuna masu kisa, sai ya ja ya tsaya. Ba zai ba Uwani abin da bai tabbata ba. Shi kuma ba zai ɗanɗana ba, don ransa guda ne, ba shi da na aro. Ya zauna a kan kututture, rowa na jan sa nan, tsoro na jan sa can. Jim kaɗan sai ya yi murmushi. Dabara ta zo masa, irin wadda ba ta zuwa wa mutumin kirki. Zai ɗebi 'yan ƙanana ya ba wani kyauta. In wancan ya ci ya kwana lafiya, sai a dafa wa Uwani sauran. In kuwa bai kwana ba, Allah ya ji ƙansa, kwana ne ya ƙare. Ƙananan da zai bayar, in an haɗa su, sun fi rabon Goggo nauyi, amma wannan bai dame shi ba, tun da babbar na nan.

Sai ya bi ta bayan gida ya cusa kayan a rumbu, inda ya san Hansai ba ta da dalilin leƙawa. Ya ɗebi ƙananan a ƙoƙo ya nufi maƙera, wurin Anaruwa maƙeri, wani ƙato mai wuya kamar turmi. Ya yi sallama ya miƙa masa ƙoƙon. Anaruwa ya ce shi ba shi da abin saye. Cindo ya ce ba sayarwa yake ba. Ya buɗe baki zai ce kyauta ce, kalmar ta maƙale masa a wuya, sai da ya yi tari kafin ta fito.

Anaruwa ya ajiye guduma. Ya ce, "Cindo, lafiya? Wa ya mutu?"

Cindo ya ce, "Ba wanda ya mutu tukuna."

Anaruwa ya yi godiya, ya aika da ƙoƙon cikin gida. Da azahar sai ga Cindo ya dawo gaisuwa. Ya tambayi Anaruwa ya jiki, ya ciki, ko yana ɗan jin jiri. Anaruwa ya ce lafiya lau, miya ma ta yi daɗi. Da la'asar sai ga shi kuma, ya tsaya yana leƙa ƙwayar idon maƙeri. Da magariba ya sake leƙowa ta kan katanga. Anaruwa ya gaya wa matarsa cewa tun da uwarsa ta rasu bai ga wanda ya damu da lafiyarsa kamar Cindo ba, ashe mutane zaluntar bawan Allah suke yi da baki.

Gari na wayewa Cindo ya kasa kunne. Sai ya ji guduma na tashi a maƙera, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Sai ya yi tsalle ya nufi rumbu. Kafin ya buɗe, wari ya tare shi. Naman kaza ba ya jiran mai shawara. Duk ya narke ya yi baƙi, tsutsotsi na biki a ciki, babbar nan ma ta zama taɓo. Cindo ya kwashe ya kai bayan gida ya binne yana share hawaye. Sai ya ba kansa haƙuri. Ya ce ai ma cikin maƙeri ba abin gwaji ba ne, mutumin da ke karin kumallo da hayaƙin gawayi, ko ƙusa ya haɗiye narkewa za ta yi. A ranar ma Uwani tafasa ta ci.

Aka kwana biyu, sai aka sake ruwa da tsawa. Cindo ya yi sammako da kwando. Ya samu a gindin surin nan, ya samu wasu a ƙarƙashin bishiyoyi can gefe. Shi duk laima laima ce, sai ya haɗa su gaba ɗaya. Ya zo mararrabar gidan Goggo, ya dubi babbar ciki, sai ya ƙara sauri ya wuce.

Wannan karon ya zaɓi Tanimu masaƙi. Tanimu siriri ne kamar zaren da yake saƙa. In iska ta taso sai ya riƙe turken masaƙa. Ko fura ce ta kwana ya sha, sai ya wuni yana zirga-zirga bayan gida. Cindo ya ce ga ciki na gaskiya, in wannan ya ɗauka, kowa zai ɗauka. Ya kuma yi wa ruɓewa dabara. Ya kai sauran kan wani falalen dutse a bayan gona, ya shanya su a rana, ya ce su bushe kafin a ga ƙarshen Tanimu.

Sai ya kai wa Tanimu ƙoƙo. Tanimu ya dubi ƙoƙon, ya dubi Cindo, ya dubi sama ko alamar tashin duniya ta bayyana. Ya karɓa da hannu biyu ya aika cikin gida. Cindo kuwa bai tafi ba. Ya nemi wuri gaban masaƙa ya zauna. Aka kawo wa Tanimu abinci ya ci, ya ce bisimilla, Cindo ya ce a ƙoshe yake, alhali cikinsa na ƙugi har Tanimu na ji. Tanimu ya koma saƙa, Cindo ya kafa masa ido. In Tanimu ya yi atishawa sai Cindo ya miƙe tsaye. In ya sosa ciki sai Cindo ya matso.

Tanimu ya gaji. Ya ce, "Maƙwabci, wani abu ne a fuskata?"

Cindo ya ce, "Shi nake jira in gani."

Yana nan yana gadin fuskar masaƙi, bai ga hadari ya haɗu a gabas ba. Sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Cindo ya tuna shanyarsa, ya zura a guje. Kafin ya kai dutse, ruwa ya wanke shi tas, ya tafi da komai rafi. Ya tsaya a jiƙe yana kallon kwaɗi, su ma suna kallon sa. Washegari ya ji Tanimu na saƙa yana waƙa, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi.

Labari kuwa ya riga ya gama gari. Wani maroƙi ya zo ƙofar gida yana kirari, Cindo ruwan marka, mai bayarwa da yatsu shida. Cindo ya san kirari ba a banza ake yin sa ba, sai ya shige ƙarƙashin gado ya ce a ce ba ya nan. Da maroƙi ya tafi ya fito, sai ya tarar da Hansai tsaye, ta riƙe ƙugu.

Ta ce, "Maigida, ashe kyauta kake yi a gari? Mata sun tare ni a rijiya suna yi mini barka. Ga 'yarka nan, iska na neman ɗauke ta, kai kana ciyar da ƙatti."

Cindo ya ce mace ba ta gane dabarar maza, ta dai jira. Hansai ta ce in ya samo naman kaza ya kai wa Goggo mana, kamar yadda kowa ke yi, a dafa wa yarinya. Cindo ya rantse iyakar abin da ya samu ke nan, ɗan kaɗan ne, bai isa miya ba. Hansai ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ce Allah ya kyauta. Ta shiga ɗaki ta ɗora kan Uwani a cinyarta tana yi mata fifita, don yarinyar yanzu ko wasa ba ta fita.

Sai aka yi ruwa na uku. Tsofaffi suka ce wannan ne na ƙarshe, daga shi naman kaza ya tafi sai baɗi. Cindo ya fita tun kaji ba su sauko ba. Ya kewaye suri, ya kewaye gindin bishiyoyi, ya cika kwando har yana zuba. Ya zo mararraba. Wannan karon ya daɗe a tsaye, don ya tuna wuyan Uwani. Har ya ɗaga ƙafa ya nufi gidan Goggo. Sai ya yi kuskure ya leƙa kwandon. Babbar laimar da ya samo ranar nan ta fi duk na baya, fara sol, ga kauri. Sai ƙafar ta koma inda ta fito.

Ya ɓoye kwandon a rumbu ya zauna yana tunani. Ya ce maƙeri babba ne, masaƙi ma duk da ramarsa babba ne. Abin da ake bukata shi ne ciki irin na Uwani, na yarinya ƙarama. Kuma a ba ta da safe, a duba ta zuwa la'asar, a dafa sauran kafin ya ruɓe. To, danga ɗaya ce tsakanin gidansa da na Jibo wanzami. Jibo kuwa yana da 'ya, sunanta Kulu, sa'ar Uwani ce, ƙawarta ce kuma, tare suka yi rarrafe. Nan ne, yara, labarin nan ke daina ba ni dariya na ɗan lokaci. Rowa in ta tsufa a zuciya, ba ta tsayawa a kan abinci, sai ta kai mutum ya ga ɗan wani ba ɗa ba ne.

Sai ya ce wa Hansai kada ta bar Uwani ta leƙa gidan Jibo yau, wai akwai sanyi. Ya ɗebi ƙoƙo ya kai. Ya ce wa Jibo a dafa da wuri, a kuma ba Kulu da yawa, don yara su ne abin tausayi. Jibo ya ji daɗi har ya rasa bakin godiya. Ya aika da ƙoƙon ciki, ya ce yau duk abin da Cindo ke so na wanzanci a yi masa, ba ko sisi.

Cindo ya ji an ce ba ko sisi, ga shi kuma yana neman dalilin zama a zauren har ya ga Kulu. Sai ya ce a gyara masa gemu. Aka gyara, Kulu ba ta fito ba. Sai ya ce a yanke masa farce, dukan goma sha biyun. Aka yanke, Kulu ba ta fito ba, sai dai ƙamshin miya da ya fara shigowa zaure. Sai ya ce a yi masa ƙaho, ko da yake lafiyarsa lau, jinin ma bai ishe shi ba. Jibo ya tuɓe masa riga, ya kafa masa ƙahoni a gadon baya, ya zuƙe ya liƙe. Ya ce kafin su ja, bari a yi aski. Ya jiƙa kan, ya wasa aska, ya fara daga dama. Ya kai tsakiyar kai ke nan, Cindo ya kasa haƙuri. Ya tambaya ina Kulu, ta ci kuwa.

Jibo ya ce, "Ba ta ci ba tukuna, an aike ta gidan kakarta. Amma kada ka damu, ba mu ci amanarka ba. Uwarta ta ce ba a cin kyautar mutum a bar 'yarsa da ƙamshi. Kwanon farko gidanka aka miƙa ta kan danga tun ɗazu."

Cindo bai san lokacin da ya tashi ba. Ya ture Jibo, ya ture zabirar kayan aski, ya fita ba riga, rabin kai a aske, ƙahoni a baya suna rawa. Ya faɗa gida. Hansai ta tafi rijiya. Ga kwanon gidan Jibo a ƙasa, an lashe shi tas. Ga Uwani kwance a tabarma, baki a buɗe, hannu a sake, ko motsi ba ta yi.

Ya ce, "Uwata. Uwata, tashi."

Ya girgiza ta, kanta ya langaɓe. Sai duniya ta yi masa duhu. Ya sunkuce ta ya saɓa a kafaɗa, ya fita yana kuka kamar ƙaramin yaro. Hanyar da ya ƙi bi sau uku da ƙafarsa, yau ita ya bi da gudu. Mutane suka ga ƙato ba riga, da rabin kai, da ƙahoni a baya, ya saɓo yarinya. Maƙeri ya bar wuta, masaƙi ya bar zare, Jibo ya biyo da aska a hannu yana cewa a tsaya a cire ƙaho. Hansai ta yar da tulu a bakin rijiya. Kafin a kai gidan Goggo, rabin gari na biye.

Goggo Tabawa na zaune a tabarma tana tsince wake. Cindo ya zube gabanta, ya shimfiɗa yarinyar. Bai ga taron da ke bayansa ba, ko ya gani bai damu ba. Ya faɗi komai. Ya ce ya samo sau uku, ya ƙi kawo mata don kada ta ɗauki babba. Ya ce gwaji ya yi da Anaruwa, gwaji ya yi da Tanimu, yau kuma da Kulu ya so ya gwada, sai abin ya faɗo kan Uwani. Ya ce ta ɗauki kwandon duka, ta ɗauki gonar, ta ɗauki rumbun, ta dai tashe ta.

Goggo ta ce rumbun da ba komai ciki ya riƙe kayansa. Ta ajiye faifai ba gaggawa. Ta ɗaga fatar idon yarinyar, ta shinshina bakinta, ta ɗora hannu a cikinta ta ɗan danna. Sai Uwani ta yi wata irin gyatsa, wadda ko Anaruwa zai yi alfahari da ita. Ta buɗe ido ta yi miƙa. Ta dubi ubanta, ta tambaya ko da sauran miyar.

Goggo ta ce, "Ƙoshi ne, ɗan nan. Ka daɗe ba ka ga yaron da ya ƙoshi ba, shi ya sa ka ɗauka mutuwa ce."

Sai gari ya fashe da dariya. Wasu na riƙe ciki, wasu na nuna ƙahoni. Tanimu dai bai samu yin dariyar sosai ba, ya zauna a ƙasa yana shafa cikinsa, yana cewa dama tun ran nan yake jin wani iri. Anaruwa ya matso, ya tambaya a hankali, da a ce sun mutu fa.

Goggo ta ce ba za su mutu ba, don matansu ba wawaye ba ne. Ta ce duk ƙoƙon da Cindo ya kai wani gida, ta ƙofar baya yake fitowa ya zo gabanta kafin ya ga tukunya. Na maƙeri ya zo, na masaƙi ya zo, na wanzami ma da safen nan ya zo, kowanne kuma ta ɗauki rabon idonta. Ta ce ita kam bana ba ta da abin cewa sai godiya, ɗan wanta ya riƙe zumunci. Aka sake kwashewa da dariya. Cindo ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, amma a ransa ya ce da sauƙi, tun da Uwata na numfashi.

Sai Goggo ta ce wa Hansai ta je ta ɗauko kwandon da ke rumbu. Hansai ta je ta kawo, ko kallon mijinta ba ta yi ba. Goggo ta zazzage a faifai. Ta juya wannan ta ajiye dama, ta juya wancan ta ajiye dama. Sai ta ɗauko wata fara kyakkyawa, mai zobe a wuya da 'yar jaka a gindi, ta ajiye hagu. Ta ci gaba, ta sake samun irinta, ta sake samun wata. Daga ƙarshe ta ɗauko babbar nan, wadda saboda ita Cindo ya juya a mararraba. Ta duba gindinta, ta ajiye ta hagu. Dariya ta fara raguwa har ta ɗauke.

Ta ce irin waɗannan ta cire daga ƙoƙon Tanimu, ta cire daga na Jibo, ta binne su inda ko akuya ba ta kaiwa. Ta ce guda ɗaya ta isa ta rufe gida.

Sa'an nan ta dubi Cindo ta ce, "Kulu za ta ci miyar da na tsince, ta tashi tana tsalle. Kai kuma ka gani ka ce an gwada. To, da yamman nan, me za ka yi da wannan kwandon?"

Cindo ya dubi tarin hagu, ya dubi Uwani da ke zaune tana lasar yatsa. Ashe da hannunsa zai kai wa Hansai, ya ce ta dafa, ya zauna yana kallon yarinyar tana ci yana murna. Sai ya sunkuya, ƙahonin baya suka faɗo ɗaya bayan ɗaya. Ya jawo 'yarsa ya rungume ta, ya yi kuka na gaske, wanda ba ya ba kowa dariya.

Goggo ta zaɓi mafi girma cikin na dama ta ajiye gefenta, kamar kullum. Ta tura wa Hansai sauran, ta ce a je a dafa kafin rana ta faɗi. Mutane suka fara watsewa. Jibo ya sunkuya ya tsince ƙahoninsa ya zuba a zabira. Shi tun da aka ambaci sunan Kulu bai yi dariya ba ko sau ɗaya. Ya naɗe askarsa, ya tsaya a kan Cindo.

Ya ce, "Kanka da saura rabi, maƙwabci. Ka nemi 'yar wani ta ƙarasa maka."

Wanzami kuwa shi kaɗai ne a garin. Uwani ta ci miya a ranar, ta ci washegari, matan maƙwabta suka riƙa miƙo mata kwano ta kan danga har gero ya nuna, kumatunta suka dawo. Ita ba wanda ya riƙe ta da komai. Amma Cindo haka ya yi ta yawo, gefe ɗaya gashi, gefe ɗaya fata, hula ba ta zama daidai. In ya miƙa wa mutum ko ruwan sha ne, sai a ce ya kurɓa a gani tukuna. Sai ya kurɓa, ya sunkuyar da kai, ya miƙa.

Ƙurunƙus kan kusu, kusun ma na gidan Cindo, wanda ya fita da yunwa. Abin da ba ku sani ba a daji, ku kai wa wanda ya sani, ku ba shi rabonsa da daɗin rai. Kada kuma ku gwada zurfin ruwa da ɗan wani, don naku na bayansa riƙe da rigarsa. Ku tashi, kowa ya kakkaɓe wurinsa.